Me ya sa tsoffin faya-fayan rock da ake kurantawa suke zuwa mini lami a kunne?

Wani matashi mai koyon aikin haɗa sauti ya rubuto yana cewa ya bi jerin kundayen rock da ake cewa babu kamarsu, irin na Beatles da Led Zeppelin da Pink Floyd, ya saurara a wayarsa da iyafis. Abin da ya ji shi ne ganga a kunne ɗaya, murya a ɗayan, ga wani shuuu a ƙarƙashi, kuma sautin bai kama ƙafar waƙoƙin yau ba wajen ƙarfi. Tambayarsa ita ce: yabon nan na tsofaffi ne kawai masu begen ƙuruciyarsu, ko kuwa akwai abin da ya kuɓuce masa?

Ƙanena, kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Gangar da ka ji ta maƙale a gefe guda da gaske can take, shuuu ɗin nan kuma na tef ne. Sai dai da yawa daga cikin abin da ka saurara, musamman na Beatles kafin 1969, ba shi ne haɗin da masu waƙar suka zauna suka amince da shi ba, kuma ba don irin na'urar da ke hannunka aka yi shi ba. Daga nan zan fara, don a nan ne sababbin masu sauraro suke yanke hukunci tun ba a je ko'ina ba.

Ranar 11 ga Fabrairu 1963 Beatles suka shiga situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan, suka ɗauki waƙoƙi 10 a yini guda. Aka haɗa da guda 4 da suka riga suka fita kasuwa, kundinsu na farko, Please Please Me, ya tashi. Na'urar da aka yi aikin da ita layi biyu gare ta kacal. George Martin, furodusansu, ya zuba kayan kiɗa a layi ɗaya, muryoyi a ɗayan, don ya samu damar daidaita ƙarfinsu daga baya sa'ad da zai narkar da su su zama mono, wato sautin da ke fita ta lasifika ɗaya. Rediyon zamanin mono ce, garmahon da ke ɗakin yaro ɗan makaranta a Liverpool shi ma mono ne. Sitiriyo, wato sautin da aka raba wa lasifika biyu, hagu da dama, kayan 'yan ƙwalisa ne masu hannu da shuni. Da kamfani ya so ya sayar musu su ma, sai aka ɗauki layukan nan biyu yadda suke, aka jefa ɗaya hagu, ɗaya dama. A falo, inda lasifiku biyu ke gabanka iska tana gauraya su, abin ba ya damun mutum sosai. A iyafis kuwa, inda kunnen hagu bai san abin da na dama ke ji ba, azaba ce. Ba zan kare wannan haɗin ba, ba shi da kyau.

Haka abin ya ci gaba har zuwa kundinsu Sgt. Pepper a 1967. 'Yan Beatles su huɗun suna nan aka yi haɗin mono, aka ɓata lokaci a kansa. Na sitiriyo an bar wa injiniyoyi ne suka yi shi cikin 'yan kwanaki. Har saurin waƙa ba ɗaya ba ne: She's Leaving Home ta mono ta fi ta sitiriyo sauri da kaifin murya. Brian Wilson na Beach Boys kuwa, wanda kunnensa na dama kusan a toshe yake, a mono ya haɗa Pet Sounds a 1966, ba a fitar da cikakken sitiriyonsa ba sai 1997.

To, yanzu ga abin da nake ganin ya kuɓuce maka, tunda kai ma ɗan sana'a ne. Kai yau idan ka buɗe kwamfuta, layuka ba su da iyaka. Ka ɗauki ganga a layi 12, ka ajiye, sai ranar haɗawa ka yanke shawarar ƙarfin kowanne, in bai yi maka ba ka koma baya. Sgt. Pepper da na'urar Studer J37 mai layi huɗu aka yi shi. Idan layukan sun cika kuma akwai sauran abin da za a ɗora, sai a jawo na'ura ta biyu, a kunna tef na farko, a haɗa layukan nan a zuba su cikin layi ɗaya ko biyu na sabon tef, a samu sarari a ci gaba. Daga wannan lokacin ganga da fiyano da jita sun zama kamar fura da aka dama da nono, ba mai raba su. In ganga ta yi ƙasa, haka za ta zauna. Kuma kowane juyi daga tef zuwa tef yana ƙara shuuu, yana rage kaifin sauti, saboda haka ba a yin sa barkatai. Dole Geoff Emerick, injiniyan da ya yi aikin yana ɗan shekara 21 da ɗoriya, ya riƙa jin ƙarshen waƙa a kansa tun ana rubu'inta, ya san inda zai bar wa goge da muryoyin da ba a ma rubuta ba tukuna. A nan gwanintar take. Wanda ya saba da danna maɓallin komawa baya ba zai gan ta ba sai an nuna masa.

Ka ɗauki ƙarshen A Day in the Life, waƙar da ta rufe kundin, ka saurara da kyau. An kawo makaɗa 40, layuka huɗu ba za su isa ba, sai Ken Townsend, ɗaya daga cikin masu kula da na'urorin EMI, ya ƙirƙiro hanyar sa na'urori biyu su riƙa tafiya tare. Bayan hayaniyar makaɗan sai bugu ɗaya na fiyano uku a lokaci guda, da harmoniyam, wani ƙaramin kayan kiɗa mai madannai irin na fiyano da ke aiki da iska. Sautin fiyano da an buga shi yake fara mutuwa, to sai injiniya ya riƙa ɗaga maɓallan ƙarfi a hankali yana bin sa, har ya kai sama da daƙiƙa 40. Can wajen ƙarshe maɓallan sun kai ƙololuwa, makirfo yana jin komai, har ƙarar kujera da motsin mutum za ka tsinta. Yau da manhaja za ka ja wannan bugun ya yi minti goma babu ko ƙura, amma ba za ka ji mutane sun ɗauke numfashi a ɗaki suna jiran sauti ya ƙare ba.

Strawberry Fields Forever ma, wadda ta fita a farkon 1967, ɗauka biyu na waƙa ɗaya aka ɗinke. John Lennon na Beatles, mai waƙar, ya so farkon wani ɗauka da ƙarshen wani, alhali sun bambanta a sauri da kaifi. Martin da Emerick suka ɗan ƙara wa na farko gudu, suka rage wa na biyu, har suka haɗu, aka sa reza aka yanka tef aka liƙe. Wajen minti ɗaya da farawa ɗinkin yake. Tunda a tef ba a rage gudu ba tare da murya ta yi kauri ba, muryar Lennon daga nan sai ta yi nauyi kamar ta mai magagin barci. Abin da mutane suka shekara suna yabo a matsayin yanayin mafarki na waƙar, rabinsa daga dabarar gyara matsala ya fito. Kada ka manta kuma, tun 29 ga Agusta 1966, bayan wasansu na San Francisco, Beatles suka daina hawa dandamali. Ba su da sauran damuwar ko za a iya maimaita waƙa a gaban jama'a, shi ya sa suka saki jiki da tef haka.

Abu na biyu shi ne ɗaki. Mu yanzu mun saba da manna makirfo a bakin kowace ganga, mu kashe ɗaki da soso, daga baya mu ƙara amsa-kuwwa ta manhaja. Saurari farkon When the Levee Breaks a kundin Led Zeppelin na huɗu, na 1971. An yi ta ne a Headley Grange, wani tsohon gida a karkarar Hampshire da aka gina tun asali don ajiye matalauta, aka faka motar ɗaukar sauti ta Rolling Stones a waje, aka ja wayoyi ciki. Gangunan John Bonham, makaɗin gangar ƙungiyar, a zauren shiga aka kafa su, ƙarƙashin matakalar bene mai tsayi. Injiniya Andy Johns ya rataye makirfo biyu kawai a sama, ya matse sautin sosai da kwamfiresa, wato na'urar da ke rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni, ya bi da shi ta na'urar amsa-kuwwa ta Binson. Abin da kake ji dutse ne da katako da tsayin rufi suna mayar wa Bonham da bugunsa. Tun daga Beastie Boys a 1986 masu hip hop suke yankar wannan bugun suna ginawa a kai, don samun irinsa sai an samu irin zauren da irin hannun. Lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin babbar gangar nan ko kaɗan, sai ta bar ka da kwas-kwas ɗin sama. Ka ga ashe ba a ma kawo maka rabin abin ba.

Sai shi kansa faifan. Kamfanin Columbia ne ya fito da dogon faifai a 1948, mai juyi 33 da sulusi a minti, kowane gefe yana ɗaukar wajen minti 22. Wannan iyakar ce ta yanka wa kundin rock tsawonsa na minti 40 zuwa 45, ta kuma raba shi gida biyu, kowanne da mabuɗinsa da marufinsa. Akwai wani abu da mai yankan faifai ya sani wanda mai sauraro bai sani ba: a bakin faifai allura tana cin kimanin santimita 50 na layin da aka zana a jikin faifan a daƙiƙa, can kusa da tsakiya kuwa kimanin 20. Sautin da za a cusa ɗaya ne, filin ya ragu, sai kaifi ya dushe, ƙara ta fara tsagewa. Don haka sau da yawa waƙa mai zafi ake sa wa a farkon gefe, mai sanyi a ƙarshe. Bes mai yawa kuma yana buƙatar layi mai faɗi, in ya wuce kima allurar garmaho mai araha sai ta yi tsalle. Shi ya sa bes ɗin wancan zamani yake da kunya. Ba rashin sani ba ne, tsoron kada a dawo wa kanti da faifai ne. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, wanda ya fita a Maris 1973, an yi shi da layi 16 a Abbey Road, kuma kowane gefensa a haɗe yake, waƙa tana shiga cikin waƙa babu tsayawa. Ƙarar kuɗi da injin kanti da ke buɗe waƙar Money guntayen tef ne aka auna aka yanka aka liƙe suka zama zobe mai zagayawa, kuma ita ce farkon abin da za ka ji bayan ka tashi ka juya faifai. In manhajar waya ta cakuɗa maka waƙoƙin ta jefo wannan tsakanin wasu biyu na daban, ginin ya rushe.

Batun ƙarfi kuwa gajere ne. Tun daga shekarun 1990 aka shiga gasar matse sauti a faifan CD, kowa yana so tasa ta fi ta maƙwabci ƙara, har aka kai wuri mai sanyi da wuri mai zafi a waƙa kusan ƙarfinsu ɗaya. Kunnenka a wannan ya tashi. Tsoffin kundayen suna barin tazara tsakanin raɗa da tsawa, don haka idan ka kunna su a ƙarfin da ka saba sai su zo maka a raunane. Ƙara musu murya kawai, ka jira wurin da ganga za ta shigo.

Na daɗe a kan na'ura don nan ne fagena, amma tarihi ma yana canza abin da kunne ke ji, wani lokaci fiye da na'ura. Jimi Hendrix ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita a bikin kiɗa na Woodstock da safiyar 18 ga Agusta 1969, jita tana kuka tana gurnani. Wanda bai san komai ba zai ce hayaniya ce. Da yawan waɗanda ke tsaye a filin samari ne irin waɗanda ake kwasa aikin soja dole ana kai su Biyetnam, kuma da yawansu faɗuwar bama-bamai da ihun mutane suka ji a cikin kukan jitar nan. Ranar 4 ga Mayu 1970 dakarun tsaron jihar Ohio suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State wajen zanga-zangar ƙin faɗaɗa yaƙin zuwa Kambodiya. Watan bai ƙare ba Neil Young ya rubuta Ohio, shi da Crosby da Stills da Nash suka ɗauke ta, aka sake ta da gaggawa. Kaushin da ke cikinta na sauri ne da fushi, in aka goge shi an goge waƙar.

A Ingila labarin daban ne. Black Sabbath yaran unguwar Aston ne a Birmingham, garin masana'antun ƙarfe. Tony Iommi, mai jitarsu, yana ɗan shekara 17 injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya narka roba ya yi musu hula, ya koma sirarran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sautin ya yi ƙasa ya yi duhu. Kundinsu na farko a yini ɗaya aka ɗauke shi a Oktoban 1969, kusan yadda suke kaɗawa a mashaya. Rolling Stones kuwa haraji ne ya kore su zuwa kudancin Faransa a 1971, suka shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidan da mai jitarsu Keith Richards ya kama haya, ga zafi ga laima, jita tana kwancewa, yau wannan ya zo gobe wancan bai zo ba. Kundin da suka yi a can, Exile on Main St., ya fito a 1972 da sauti a cakuɗe, murya a binne cikin kiɗa. Masu sharhi da yawa ba su yi na'am da shi ba a lokacin, yau kuma shi ake kira gwaninsu. Ko Najeriya ta shiga labarin: a 1973 Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya zo Legas ya ɗauki mafi yawan kundin Band on the Run a situdiyon EMI mai layi takwas. Mutum biyu sun fice daga ƙungiyarsa dab da tafiya, shi ya zauna kan ganga da kansa. 'Yan fashi suka ƙwace masa kaset ɗin gwajin waƙoƙin, Fela Kuti kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da suke yi ya ji.

Zargin Fela bai kama McCartney ba a wannan kundin, amma ba daga sama ya faɗo ba, kuma a nan sanin tarihi yake rage yabo maimakon ƙara shi. When the Levee Breaks ɗin nan da na gama kurantawa, Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy ne suka fara ɗaukar ta a 1929, a kan ambaliyar kogin Mississippi ta 1927 da ta raba dubban baƙaƙen fata da gidajensu. Led Zeppelin sun sa sunan Minnie a kan tasu. A Whole Lotta Love ba su sa na Willie Dixon, wanda suka ɗebi baitocin waƙarsa, ba, sai da ya kai ƙara a 1985 aka sasanta, sunansa ya hau. Duk wanda zai yaba wa samarin Ingila na wancan zamani ya kamata ya san daga rijiyar wa suka sha.

Zatonka game da tsofaffi ma yana da ƙamshin gaskiya. Jerin nan da ka bi mutane ne suka tsara shi, akasarinsu Turawa maza da suka yi samartaka a shekarun 1960 da 1970, sannan gidajen rediyon Amurka suka kafe shi a shekarun 1980 suna maimaita waƙoƙi iri ɗaya dare da rana. Mujallar Rolling Stone ta sa Sgt. Pepper na ɗaya cikin kundaye 500 a 2003. Da ta faɗaɗa masu zaɓe a 2020 sai ya sauko na 24, What's Going On na Marvin Gaye ya hau sama. Faifan bai canza ko daƙiƙa ɗaya ba. Ni kaina ina ganin akwai waƙoƙi biyu ko uku a Sgt. Pepper da dabarar situdiyo ce kawai take riƙe da su, kuma Revolver, kundinsu na 1966, ya fi shi waƙoƙi masu tsayawa da ƙafarsu.

Abin da zan ba ka shawara ka yi shi ne ka nemi haɗin mono na kundayen da Beatles suka fitar kafin 1969, an sake fitar da su a 2009. Ka samu lasifika ta gaske ko babban hedifon, ka ji gefe ɗaya daga farko har ƙarshe bisa jerinsa, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka ji na biyu. Kafin ka kunna, ka duba shekarar da aka yi shi da yawan layukan na'urar. Akwai kuma sababbin haɗe-haɗe da Giles Martin, ɗan George Martin, ya yi. A Sgt. Pepper na 2017 ya koma kan tef-tef na asali tun kafin a juye su, ya dawo da ganga da murya tsakiya. A Revolver na 2022 babu irin waɗannan tef ɗin da za su wadatar, sai aka yi amfani da wata manhaja mai koyon rarrabe sauti ta kamfanin Peter Jackson, mai shirya fina-finai, ta tsame kowane kayan kiɗa daban. Sun fi daɗi a iyafis nesa ba kusa ba, kuma ba laifi ka fara da su. Ka dai riƙe cewa aikin wannan ƙarnin ne. Tunda koyon sana'ar kake, bayan ka ji sabon ka koma wa tsohon, ka buɗe kwamfutarka ka kulle kanka a layi huɗu, ka ɗauki waƙa ɗaya mai kayan kiɗa takwas, kowane juyi ka goge na baya don kada ka samu hanyar komawa.